Ƙarfe Bakwai, Kofi Biyu

Zuwa ga 'yata Agogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya Kawunki Tabarau da matarsa da yara. Ni ma lafiya lau sai godiya, in ban da gwiwar nan da ke min tsiya in zan tashi daga tabarma.

Tunda kin daina ɗaga waya na ce to bari in zauna in rubuta miki a wayar, ko da yatsa ɗaya ne. Kin san karatuna aji huɗu ya tsaya, in kin ga kuskure ki gyara a ranki, kada ki nuna wa Kawunki ya gyara zaman tabarau ya hau min darasi.

Na ba direban motar safe saƙonki. Robobin magani uku ne na wata uku, na cusa su cikin safa kamar kullum don kada wani ya ji suna kacau-kacau a hanya. Safar mai ruwan toka ce, ba cikin na sayarwa na ɗauko ba, ke na saƙa wa, ki sa abarki.

Jiya na je asibiti na karɓo mana. Layi har bakin famfo, amma na tafi da zarena, kafin a kira ni na gama hular jariri ɗaya. Sista mai jan biro tana gaishe ki. Ta ce yaushe za ki zo a ɗebi jininki, lokaci ya wuce, na ce aiki ne ya sha kanki. Sai ta ɗauko takardar nan tata ta tambayoyi da suka fito da ita bara, wai duk mai shan maganin HIV sai an yi masa su. Tana barci? Tana cin abinci? Abin da ta saba jin daɗinsa har yanzu tana ji? Har da wata mara daɗin ji, wai ko kina jin gara ma babu ke a duniya. Na ce subhanallahi Sista, 'yata lafiyarta lau, sa mata babu matsala a duka. Ta ce a ƙa'ida ke ya kamata ki amsa da kanki, na ce ni na haife ta, bakina bakinta ne. Ta yi dariya ta cike. Nawa ma haka na ce ta cike, minti biyu mun gama. Kin ga na hutar da ke.

Yau da safe ƙarfe bakwai sai ga ni da kofi biyu a hannu. Shekara biyu da tafiyarki, har yanzu hannuna bai koya ba. Koren nan naki mai tsagaggen baki na ɗauko, na tsaya ina kallonsa kamar wata sakarya. Kin tuna ɗakinmu na bayan shagon mai walda? Kina shekara biyar, ko karatun agogo ba ki iya ba, amma da mai walda ya ja ƙofar ƙarfensa sai ki hau ruwan cikina ki buɗe min ido da yatsa ki ce Umma lokaci. Maganinki na ruwa ne a lokacin, ga ɗaci, in ɗura miki a cokali ki yamutse fuska kamar tsohuwa, ni in haɗiye nawa, sai mu buga kofi da kofi. Ko sau ɗaya ba ki makara ba. Daga nan Agogo ya bi ki har sunanki na gaskiya ya ɓace. Ba mu da komai a ɗakin nan sai katifa da rediyon Babanki, amma wallahi in na tuna sai in ji da ma a mayar da ni.

To yatsana ya gaji. Ki riƙa sha a kan lokaci, ko da yake wa zai koya miki lokaci. Ki gaida mutan gidan. Allah ya yi miki albarka.

Ummanki

*

Umma,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki. Saƙo ya iso, na gode da safa. Aiki ne ya yi yawa. Lafiya lau nake.

Ki huta lafiya.

Agogo

*

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Iyalina suna miƙo gaisuwarsu.

Dalilin rubutowa shi ne wani al'amari game da Agogo wanda na jinkirta sanar da ke, kuma yanzu na ga jinkirin kuskure ne.

Kin san lokacin da ta zo shagona ba ni da ma'aikaci kamarta. Ita ke buɗewa kafin in iso, ita ke ɗinkin littattafai, kuma ɗalibai kan tsallake shaguna uku su kawo mata kundinsu saboda bangon da take sawa ba ya ɓallewa. Tana aiki tana raira waƙa har nakan ce ta rage murya. Yau kimanin wata bakwai ban ji wannan murya ba. Takan iso ƙarfe goma, wani lokaci sha ɗaya. Na sha samun ta tsaye gaban injin kwafi, murfi a buɗe, takarda a hannu, ba ta sa ba kuma ba ta ajiye ba. Da tsakar rana takan shiga ɗakin ajiya ta kwanta a kan kwalayen takarda. Abincin da matata ke zuba mata yakan dawo yadda ya tafi. Makon jiya ta ɗinka wa wani ɗalibi kundinsa a kife, da ya yi magana cikin ladabi sai ta daka masa tsawar da ta sa mai gyaran waya na kusa da mu ya leƙo. Bayan ya tafi ta zauna a ƙasa ta yi kuka ba sauti. Tun ranar na hana ta aiki da wuƙar yanke takarda, na ce mata wuƙar wasawa take buƙata, wanda ba gaskiya ba ne.

Na ɗauka gajiya ce ko wata magana ta 'yan mata. Shekaranjiya ina neman tawada a ɗakin ajiya na jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. A ciki na sami safa ƙafa uku irin saƙarki, kowace da robobin magani uku. Tara ke nan. Na duba murfinsu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda aka fasa. Ukun da kika aiko kwanan nan suna ciki. Lissafina ya nuna wata shida ba ta sha ba. Ta rame, kuma akwai tari da ya ƙi tafiya.

Ban yi mata magana ba tukuna, na mayar da kwalin yadda yake. Yaya, ni ba likita ba ne, amma na buga takardun asibiti da yawa a shagon nan, kuma nakan karanta abin da nake bugawa. Ina zaton bayan cutar da muka sani akwai wata ta biyu, ta damuwa, wadda ke kama zuciya da tunani, kuma ita ce ta hana ta shan maganin ta farkon. Shawarata a kai ta wurin likitan da ke duba irin wannan.

Ina jiran umarninki. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ƙaninki

*

Tabarau,

Salamu alaikum, ina gaishe ku duka, ka gaida matarka.

Na karanta takardarka sau uku, da yake kai ko gobara za ka faɗa sai ka fara da bayan gaisuwa irin wadda ta dace. Wane likita kake nufi? Fito fili ka ce likitan mahaukata. Yarinyar da na goya na yi ta yawon asibiti da ita ana nuna mu da baki, sai da ta girma ta yi kyau ta koyi sana'a, yanzu kuma a ƙara mata wani suna? Cuta ɗaya ta ishe mu. Kai da na wanke wa kashi, don ka buga takardun asibiti shi ke nan ka zama likita.

Na ajiye wayar na yi shara na dawo. Ka yi haƙuri da abin da na rubuta a sama, ban iya gogewa ba, in na taɓa sai duka ya tafi.

Tara ka ce. Na zauna na ƙirga da yatsa, tun safar nan mai ratsin ja ke nan. Ni ina nan ina bin layi ina saƙa ina murna, ina ce wa Sista lafiyarta lau. Kai ba ka san yarinyar nan da magani ba. Ranar da muka tashi daga ɗakin bayan mai walda, kaya a kan kura, ruwa ana zubawa, ta tsayar da mai kura a tsakiyar titi wai bakwai ta yi, sai da aka kwance ƙullin kwanuka aka ciro kofuna. Wannan yarinyar ce za ta ajiye tara?

Ni na san abin da ke damunta. Haushina take ji. Ta girma ta yi hankali ta gane a jikina ta samo, ita ba ta ci ba ba ta sha ba. Dama na san ranar nan za ta zo, shekara ashirin da huɗu ina jiran ta.

Kada ka yi mata faɗa. Kada ka gaya wa matarka maganar robobi, bakinta ba ya riƙe ruwa, ka san ba ƙarya na yi ba. Ka sa ido a kanta, wuƙar nan ka ci gaba da cewa ba ta da kaifi. Zan rubuta mata da kaina.

Allah ya saka maka, ka riƙe min ita da kyau. Na gode.

Yayarka

*

Agogona,

Assalamu alaikum. Ina kwana ko ina wuni, duk lokacin da kika buɗe. Ya jikinki.

Kawunki ya ga kwalin. Kada ki ji haushinsa, tawada yake nema. Ba faɗa zan yi ba, wa ya ba ni bakin faɗa.

Ni dai roƙonki zan yi. Na san ni na ba ki abin nan. Lokacin da nake da cikinki ban sani ba, Babanki ma bai sani ba sai da ya kwanta, amma rashin sani bai cire miki shi daga jini ba. In haushina kike ji ki zage ni, ki rubuto duk abin da ke ranki, zan karanta in ce na ji. In ba kya son ganina shekara goma zan haƙura. Amma kada ki rama a jikinki, 'yar nan. Jikin nan da cokali na tara shi.

Ɗazu na wuce ta tsohon layinmu na kai wa wata mata huluna. Mai walda ya tsufa, 'ya'yansa ke aikin, shi yana zaune a kujera yana musu faɗa. Ƙofar tana nan da ƙararta. Ya gane ni, ya ce ina 'yar nan mai tashin unguwa? Na ce tana can ta zama babbar ma'aikaciya. Na leƙa ta taga, yanzu taya ake ajiyewa a ɗakin. Ƙusar da muke rataye jakar magani tana nan a bango, ba wanda ya cire. Kin tuna da muka yi wa robobin riguna da ragowar zare, naki ja nawa shuɗi, don in baƙo ya shigo ya ɗauka 'yar tsana ce? Ke kika ce a yi musu hula ma. Mun yi dariya a ɗakin nan, Agogo, ba ƙarya nake ba ko? Ke ce mai ƙarfin cikinmu tun kina ƙarama. Ban san me ya sami wannan yarinyar ba.

Ki amsa min ko layi biyu ne, amma kada ki ce min aiki ne.

Allah ya kare min ke.

Ummanki

*

Umma,

Wa'alaikumus salam. Na gaishe ki. Kwana takwas ina rubuta wannan, kullum kaɗan, ki yi haƙuri da jinkiri.

Ba na jin haushinki. Ban taɓa ji ba. Da ma haushin nake ji, ai da ina jin wani abu.

Kin tambayi me ya same ni. Ba abin da ya faru. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya gano, ba saurayin da ya gudu. Na san da akwai dalili da kin fi samun sauƙi, da kin je kin same shi kin yi masa tas. Abin a hankali ya zo. Na fara jin shayi ba ɗanɗano. Waƙa ta zama surutu. Da safe in farka in ji kamar an jiƙa bargo an lulluɓa min, ɗaga hannu ma aiki ne. Wata safiya na zuba ƙwayar a tafin hannu, na duba gabana ba kowa, na ce don me? Na mayar. Washegari ban ma ɗauko robar ba. Da saƙonki ya zo kunya ta hana ni buɗewa, da na biyu ya zo kunyar ta ninku. Na san abin da rashin sha ke yi, na fi kowa sani. Sanin bai taɓa ɗaga min hannu ba.

Akwai abin da kike yawan faɗa, kuma ban taɓa gyara miki ba don na ga yana faranta miki. Umma, ba don magani nake tashin ki ba. Bayan rasuwar Baba kin yi watanni a kwance kin juya wa ɗaki baya. Ba kya wanka sai maƙwabciya ta matsa. Nakan ci burodin jiya in zauna kusa da ƙafarki. Na ga yadda aka yi ta kiran Baba bai buɗe ido ba. Shi ya sa da na ji ƙofar mai walda nake hawa kanki in buɗe miki ido da yatsa, in duba ko kina ciki. Maganin shi ne kawai abin da na san in na ambata za ki tashi zaune. Ba ƙarfi ba ne, tsoro ne. Dariyar da kika ce gaskiya ce, mun yi, rigunan robobi ma na tuna, har hular. Amma daga baya ne, bayan kin dawo.

Yanzu da nake kwanciya a kan kwalayen Kawu ina kallon bango, ke nake tunawa. Ina jin inda kika je a lokacin nan ne na zo.

Tambayoyin Sista da kika lissafa a wasiƙarki ta farko, na karanta su ya fi sau ashirin. Ba wanda ya taɓa yi min su. Ba na barcin kirki. Ba na cin abinci. Ta ƙarshen nan da kika ce subhanallahi, ita ma amsarta ba babu ba ce. Kada ki firgita, ban shirya yi wa kaina komai ba. Amma in na kwanta ba na damuwa ko na tashi ko ban tashi ba. Kin ce kada in ce aiki ne, to ga shi.

Ki yafe min ɓata miki ɗakinmu da na yi.

'Yarki

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma gode miki. Ban tambayi lafiyarki ba yau, kin riga kin gaya min.

Da na gama karantawa na kira Kawunki na ce kada ya bar ki ke kaɗai, na karanta masa wurin nan na ƙarshe, ki yafe min, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sannan na zauna a tabarma har rana ta bar tsakar gida ban saƙa ko layi ɗaya ba. Ni duk shekarun nan watannin nan na ɗauka zazzaɓi na yi. Haka nake gaya wa kowa, haka na gaya wa kaina. Burodin jiya kuwa wallahi ban sani ba. Kina shekara biyar, Agogo. Ni ina ba mutane labari ana dariya.

Washegari na tafi asibiti ba ranata ba. Ban ɗauki zare ba. Na jira layi ya ƙare na shiga na ce Sista ƙarya na zo janyewa. Na ce takardun 'yata da kika cike tun bara ki ciro su ki yaga, ba ita ta amsa ba, kuma ni ma da na amsa ban tambaye ta ba. Na gaya mata tara. Na zaci za ta yi min wankin babban bargo a gaban mutane. Sai ta tashi ta rufe ƙofa, ta ajiye jan biron nan, ta ce laifin har da nata, ta san ƙa'ida ta biye min don layi ya yi sauri. Ta tambaye ni me ya sa nake cewa a sa babu. Na ce tsoro nake a rubuta wa 'yata hauka a kati, a haɗa mata biyu.

Ta ce ba hauka ba ne, ciwon damuwa ne, kuma yana yawan kama masu irin ciwonmu, ga ɗawainiyar magani kullum ga ɓoyo ga tsoro, wani ma ba dalilin da za a nuna. Ta ce mutum ba ya cire shi da ƙoƙari kamar yadda ba ya cire tari da ƙoƙari, amma ana maganinsa, da zama a yi magana, wani har da ƙwaya. Sai ta jawo sabuwar takarda ta ce, “To Umman Agogo, yau naki za mu yi, a hankali.”

Minti biyun nan sai da ya zama awa. Ashe ni ma ba babu ba ce a guda uku. Tun tafiyarki abinci sai in tuna da la'asar ban ci ba. Na yi kuka har na jiƙe mata gefen tebur, ta ba ni tsumman goge hannu.

Kin san ɗakin nan na ƙarshen baranda da nake jan hannunki mu wuce da sauri tun kina ƙarama? Can ta kai ni. Na shiga ina karanto duk addu'ar da na iya. Agogo, fanka ce da labule da tukunyar fulawa. A benci akwai wani malamin makaranta da na sani da wata mai sayar da yadi, kowa riƙe da katinsa, ba mai sarƙa ba mai ihu. Mai yadin ma ta matsa min na zauna. Likitar ranar Laraba take zama, ƙarama ce ba ta fi ki da yawa ba, ba ta katse mutum. Ta ba ni rana in dawo, kuma zan dawo, ko kin zo ko ba ki zo ba.

Sista ta ce in gaya miki ba faɗa, ba wanda zai jera robobi a gabanki yana ƙirgawa. Za a ɗebi jini, a duba tarin, a ga yadda za a mayar da ke kan magani, sannan ki ga likitar. Ta ce kada a ja lokaci. Ta ce kuma in tunanin nan ya yi nauyi kafin ranar, ki gaya wa Kawunki a take ya kai ki asibitin da ya fi kusa, kada ki jira ni.

Ɗakinmu ba ki ɓata min shi ba. Yana nan, sai dai yanzu na ga har da ke a bakin ƙafata, da can ni kaɗai nake gani.

Na ɗaure jaka tun jiya, tana bakin ƙofa, kofi biyu a ciki. Raina yana cewa in hau mota yanzu in zo in ɗauko ki ko kina so ko ba kya so. Amma na yi miki magana da bakina shekara guda, kin ga inda ya kai mu. Wannan karon ke za ki ce. In kin ce zo, motar safe. Sai dai ki sani kullum zan rubuto in tambaya, har ki gaji da ni.

Allah ya ba mu lafiya mu biyu.

Ummanki

*

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, a taƙaice, tunda an yi ƙorafi.

Ina bin umarninki. Tare muke zuwa shago tare muke komawa. Ta nemi in buga mata wasiƙarki a takarda, na buga ba tare da na gyara ko harafi ɗaya ba, kuma Allah ya san abin da hakan ya ci min. Ta ninke ta ta sa a aljihu.  Yau kuma ta jawo kwalin da kanta ta ɗora a kan tebur, kuma ta zo da safa mai ruwan toka a ƙafarta.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙaninki

*

Umma,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki, ya gwiwa.

Ki zo ranar Litinin, mu koma tare Talata. Ranar Laraba ki raka ni har ƙofa, amma ki tafi da zarenki, a benci za ki zauna. Ni zan amsa.

Ki ciro koren kofin daga jaka ki bar shi a gida, kada ya ƙarasa fashewa a mota. A can gida zan sha magani da shi.

Yanzu ba na iya tashi ƙarfe bakwai. Ke za ki tashe ni.

Sai kin zo.

Agogo